Jiragen Yaƙin Italiya da Ba Su Tashi Ba

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani aikin hannu da manyan mutane, masu iyali da furfura, suke raba dare a kansa ba don neman abinci ba, watau haɗa ƙananan samfurorin jiragen sama na yaƙi. Mutum yakan sayo kwali cike da gutsattsarin roba, ya yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya manna da gam, ya shafa fenti, har jirgin da fukafukansa suka kai mita 12 ya zauna daram a tafin hannu. Duk wanda ya taɓa ganin yaran karkara suna fere karan dawa suna ƙera mota ko jirgi ya san tushen wannan sha'awa. Bambancin kawai shi ne su waɗannan da awo suke yin kome, kuma sukan yi gardama mai zafi a kan launin fentin da ke cikin ramin da ƙafar jirgi take shiga.

Awon da ya fi yaɗuwa shi ne 1:72, watau inci ɗaya a samfur yana matsayin ƙafa shida a jirgin gaske, ta yadda dogon mutum zai zama inci ɗaya. A Ingila aka fara shi, a shekarar 1932, da samfurorin katako masu suna Skybirds, sa'an nan kamfanin Frog ya fito da na roba a 1936. Yaƙi ne ya mai da wasan ya zama aiki. A 1942 gwamnatin Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata samfurori 500,000 a kan wannan awo, domin a koya wa sojoji gane jirgin abokan gaba daga nasu tun yana nesa. Bayan yaƙi kamfanoni irin su Airfix a Ingila da Italeri a Italiya suka mai da abin ciniki.

To, a cikin masu wannan aiki akwai wani rukuni da ba su gamsu da kwaikwayon abin da ya faru ba. Su abin da suke haɗawa shi ne jirgin da aka zana amma ba a ƙera ba, ko wanda aka ƙera guda ɗaya tak aka watsar, ko kuma wanda ba a taɓa ko zana shi ba sai a zuciyar mai haɗawar. Sukan ɗauki gangar jikin wannan jirgi su liƙa mata fukafukan wancan, su sa mata injin da ba ta taɓa ɗauka ba, su yi mata fentin rundunar da ba a taɓa kafawa ba, kana su rubuta ɗan tarihi a kati su ajiye a gefenta: jirgi kaza, runduna kaza, filin jirgi kaza, shekarar 1946. Za a iya kiran wannan wasan da-a-ce. Jiragen Jamus ne suka fi samun kasuwa a cikinsa, amma na Italiya sun fi ba ɗalibin tarihi abin tunani, domin da wuya a sami ƙasar da tazarar da ke tsakanin zanen injiniyoyinta da abin da ma'aikatunta suka iya fitarwa ta kai ta Italiya faɗi.

Malaman tarihi da yawa ba su ɗauki kalmar "da a ce" da daraja ba. E. H. Carr, a littafinsa na 1961 a kan ma'anar tarihi, ya ɗauke ta a matsayin wasan hira na masu zaman falo. Malaman addini ma sun yi gargaɗi a kanta idan ta zama ta nadama da jayayya da ƙaddara, kuma Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce. Duk da haka tambayar tsohuwa ce, kuma a Italiya ɗin ma aka yi ɗaya daga cikin mafi daɗewar misalanta. Titus Livius, marubucin tarihin Rum, ya tsaya a tsakiyar littafinsa na tara ya tambayi abin da zai faru da Iskandar na Masidoniya ya juyo yamma ya auka wa Rumawa. Amsar da ya bayar ita ce Rumawa za su ci shi. Wannan amsa ta nuna cutar da ke bin irin wannan tunani tun daga farko, watau mai yin sa yakan ƙare da ba mutanensa nasara. Amma akwai hanyar yin sa da tarbiyya. Robert Fogel a 1964 ya auna amfanin jirgin ƙasa ga tattalin arzikin Amurka ta hanyar lissafa yadda ƙasar za ta kasance ba tare da shi ba. Duk wanda ya ce abu kaza ne ya haddasa abu kaza, ya riga ya ce da babu na farko da na biyu bai faru ba, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya rage shi ne a duba ko abin da aka canza ɗin yana cikin ikon mutanen wancan zamani.

Italiya ba baƙuwa ba ce a sararin sama. Ita ce ƙasar da ta fara amfani da jirgin sama a yaƙi, kuma a Afirka ta yi. Ran 23 ga Oktoba 1911, shekara takwas kacal bayan tashin 'yan'uwan nan Wright, Kyaftin Carlo Piazza ya tashi daga Tarabulus ya leƙo sansanin sojojin Daular Usmaniyya. Ran 1 ga Nuwamba Laftana Giulio Gavotti ya jefa gurneti huɗu da hannunsa a Ain Zara da Tajura, kowanne bai wuce kilo 2 ba. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma ƙofar da aka buɗe ran nan ba ta sake rufuwa ba. Wani hafsan Italiya kuma, Giulio Douhet, wanda aka taɓa ɗaure shi saboda sukar manyansa, shi ne ya wallafa littafi a 1921 yana cewa yaƙin gaba a sama za a yi shi, kuma wanda ya rusa biranen abokin gabarsa ya karya zuciyar jama'arsa shi zai yi nasara. Hafsoshin Ingila da Amurka sun yi aiki da irin wannan ra'ayi fiye da yadda Italiya ta taɓa samun ikon yi.

Da Mussolini ya hau mulki sai ya mai da jirgin sama tutar gwamnatinsa. Aka kafa rundunar sama mai zaman kanta, Regia Aeronautica, a watan Maris 1923. A 1933 Italo Balbo ya jagoranci jirage 24 masu sauka a kan ruwa suka ƙetare Tekun Atlantika a jere har Chicago, inda aka sa wa wani titi sunansa. Ran 23 ga Oktoba 1934 Francesco Agello ya yi gudun kilomita 709 a awa a kan Tafkin Garda cikin jirgin Macchi MC.72, gudun da har yau babu jirgi mai farfela mai sauka a ruwa da ya wuce shi. A 1938 Mario Pezzi ya hau sama har mita 17,083. Wanda ya karanta jaridun wancan lokaci ba zai yi shakkar cewa Italiya tana sahun gaba ba.

Sai dai jirgin tsere daban, jirgin yaƙi daban. Injin MC.72 an yi shi ne da hannu, ƙwararru suna tattalinsa kamar dokin sarki, domin ya yi gudu na 'yan mintoci. Yaƙi kuwa yana bukatar inji dubbai, iri ɗaya, wanda makaniki ɗan shekara 19 zai iya gyarawa cikin ƙurar hamada. A nan ne Italiya ta gaza. Misalin da ya fi kowanne ban tausayi shi ne Breda Ba.88. A 1937 ya kafa tarihin gudu, ya wuce kilomita 500 a awa, aka yi ta yayata shi. Da aka ɗora masa bindigogi da bama-bamai da matatar rairayi aka kai shi Libiya a 1940, sai ya zama da ƙyar yake rabuwa da ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare aka kwashe kayan cikinsa, aka jera gangunan a filayen jirage domin a ruɗi matuƙan Ingila su ɓata bama-bamansu a kansu. Jirgin gaske ke nan ya koma samfur tun yana sabo.

Yaƙin basasar Sifen, daga 1936 zuwa 1939, ya ƙara ruɗin. Jirgin Fiat CR.32 mai fukafuki biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya yi abin kirki a can, sai hafsoshi suka ɗauka cewa iya juyi a sama ya fi gudu da ƙarfin wuta. Saboda haka aka ƙera magajinsa, CR.42, wanda ya fara tashi a 1938, shekara biyu bayan Spitfire na Ingila mai bindiga takwas, aka kuma ci gaba da ƙera shi har tsakiyar yaƙi. Sababbin jiragen farauta ma (haka 'yan Italiya suke kiran jirgin da aikinsa kakkaɓo jiragen abokan gaba, kuma sunan ya dace), watau Fiat G.50 da Macchi C.200, injinsu bai kai ƙarfin doki 900 ba, bindigoginsu biyu ne rak. An ma cire wa C.200 murfin gilashin da ke rufe matuƙi, domin matuƙan sun saba jin iska a fuskarsu.

Magani daga Jamus ya zo. Da aka ɗauki gangar jikin C.200 aka gyara ta aka sa mata injin Daimler-Benz DB 601, sai ga Macchi C.202, wanda ya fara tashi a watan Agusta 1940 kuma ya iya karawa da duk abin da Ingila take da shi a Arewacin Afirka. Da aka samu injin DB 605 kuma sai kamfanoni uku suka fito da jirage uku da har yau ake yabo: Macchi C.205 na Mario Castoldi, Fiat G.55 na Giuseppe Gabrielli, da Reggiane Re.2005. A farkon 1943 Jamusawa suka aiko da matuƙansu suka gwada su, suka yaba wa G.55 ƙwarai har aka yi maganar ƙera shi a Jamus. Maganar ta mutu a kan lissafi. Ana bukatar kimanin awa 15,000 na aikin ma'aikata kafin a gama G.55 guda, alhali Messerschmitt Bf 109 bai wuce awa 5,000 ba. Re.2005 kuwa, wanda da yawa suke ganin ya fi duka kyan gani, waɗanda aka ƙera ba su kai 50 ba. Ran 8 ga Satumba 1943 aka ba da sanarwar Italiya ta ajiye makamai, rundunar sama ta rabu biyu, wasu suka bi Sarki da Ƙawance a kudu, wasu suka bi Mussolini da Jamusawa a arewa.

Daga wannan rana ce masu wasan da-a-ce suke ɗaukar zarensu, kuma lalle suna da abin ɗauka. Akwai Fiat G.56, watau G.55 da aka sa wa babban injin DB 603, wanda ya tashi a 1944 ya doshi kilomita 685 a awa, amma guda biyu kawai aka yi. Akwai Re.2006, wanda aka gama haɗa shi bai taɓa barin ƙasa ba. Akwai SS.4 na Sergio Stefanutti, mai farfela a baya da ƙananan fukafukai a hanci, wanda ya faɗi a 1939 a tashinsa na biyu ya kashe matuƙinsa. Akwai Piaggio P.108, jirgin jefa bom mai inji huɗu da fukafukai mita 32, wanda ɗan Mussolini, Bruno, ya mutu a cikinsa a Pisa ran 7 ga Agusta 1941; an ƙera 'yan ashirin da wani abu, an ma gwada ɗora wa ɗaya igwa mai bakin milimita 102 domin harbin jiragen ruwa. A awon 1:72 faɗinsa ya kai santimita 44, ga shi G.55 bai wuce 16 da rabi ba, don haka mai son jera rundunar P.108 da Italiya ba ta taɓa mallaka ba sai ya nemi babban tebur.

Biyu daga cikin waɗannan labarai sun cancanci a daɗe a kansu. Na farko shi ne na jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama. Shekara da shekaru ra'ayin da ya yi rinjaye a Rum shi ne ƙasar Italiya kanta, yadda ta miƙe cikin Bahar Rum, ta ishi zama filin jirage, kuma rundunar sama ba ta son rundunar ruwa ta mallaki jirgi ko ɗaya. A daren 11 ga Nuwamba 1940 tsofaffin jiragen Ingila 21 suka tashi daga kan jirgin ruwa suka nakasa manyan jiragen yaƙi uku a tashar Taranto. A ƙarshen Maris 1941, a yaƙin Matapan, Italiya ta yi hasarar jiragen ruwa biyar da mutum fiye da 2,000. Sai a lokacin aka ba da umurnin a mai da jirgin fasinja mai suna Roma ya zama mai ɗaukar jirage, aka sa masa suna Aquila, aka shirya zai ɗauki kimanin Re.2001 guda 50. Ya kusa kammala a Genoa sa'ad da aka ajiye makamai, bai taɓa fita yaƙi ba, aka farfasa shi a 1952. Wannan da-a-ce ne mai ƙarfi, domin babu abin da ya hana a fara aikin a 1936 sai kishi tsakanin rundunoni biyu da taurin kan shugabanni. Ma'aikatan gwamnati za su gane irin wannan cuta. Ta kuwa daɗe, don sai a 1989 doka ta yarda rundunar ruwan Italiya ta mallaki jiragen yaƙi masu fukafuki nata na kanta.

Na biyu shi ne na jirgin jet. Ran 27 ga Agusta 1940 Mario de Bernardi ya tashi da jirgin Caproni Campini marar farfela a waje, duniya ta ɗauka shi ne jet na farko, domin Jamusawa sun ɓoye cewa nasu, Heinkel He 178, ya riga ya tashi shekara guda cif kafin nan. A watan Nuwamba 1941 ya tashi daga Milan zuwa Rum aka yi biki. Amma a cikinsa injin fistan ne na yau da kullum yake juya fanka mai matsa iska, sa'an nan a ƙona mai a bayanta. Gudunsa bai wuce kilomita 375 a awa ba, watau CR.42 mai fukafuki biyu ya fi shi sauri. Hanya ce da ba ta ɓulle ba, kuma samfur nawa aka haɗa na 'ya'yansa da jikokinsa ba zai sa ta ɓulle ba.

A nan ne kuma ake cin karo da hatsarin da ya fi shafar ɗalibin tarihi. Akwai wani jirgi da ake kira Reggiane Re.2007, jet mai fukafukai a karkace baya, wanda littattafai da mujallu da dama suka buga hotonsa suna cewa an zana shi a 1943, an fara ƙera shi, kuma zai wuce kilomita 1,000 a awa da Jamusawa sun ba da injin da aka nema. Kamfanoni sun fitar da samfurinsa an saya. Amma labarin ya dogara ne a kan abin da injiniyan kamfanin, Roberto Longhi, ya faɗa shekaru da yawa bayan yaƙi, zanen da ke yawo kuma ya fi kama da jiragen da aka yi bayan 1945, don haka masu bincike da dama a Italiya suka ƙi karɓarsa a matsayin jirgin zamanin yaƙi. Mai haɗa samfur da ya rubuta a katinsa cewa ƙirƙira ce bai cuci kowa ba. Cutar tana farawa ne ranar da wani ya ɗauki hoton samfurin, wani ya kwafa a littafi, na uku ya kafa hujja da littafin. Ta haka tatsuniya take samun shekara da lamba ta shiga tarihi.

Ko da an yarda da dukan zane-zanen nan, an ce kowanne ya tashi yadda aka so, lissafin ba ya canzawa. Daga 1940 zuwa 1943 Italiya ta ƙera jirage kimanin 11,000. Amurka a shekarar 1944 kaɗai ta ƙera fiye da 96,000, kuma akwai lokacin da ma'aikatar Ford ta Willow Run take fitar da jirgin jefa bom mai inji huɗu kusan kowace awa. Ƙarfen da Italiya take narkawa a shekara kafin yaƙi bai fi tan miliyan 2 da 'yan kai ba, na Jamus ya haura miliyan 20. Kwal daga Jamus ake kawo mata ta jirgin ƙasa, mai kuma daga Romaniya, gwargwadon abin da Jamusawa suka ga damar bari. Wasu sukan ce ai man yana nan kwance a ƙarƙashin Libiya, ƙasar da Italiya take mulka. Haka ne, amma sai a 1959 aka haƙo shi a Zaltan, da na'urori da kuɗin kamfanin Amurka, cikin zurfin hamada. Da an same shi a 1938 ma, da sauran shimfiɗa bututu, da gina matata, da ratsa teku da shi a gaban tsibirin Malta inda jiragen Ingila suke jira. Da-a-cen da yake bukatar a canza abu goma kafin ya tsaya da ƙafarsa ya riga ya fita daga tarihi.

Saura batun fenti, wanda ake ɗauka ƙaramin abu ne. Fentin jiragen Italiya yana daga cikin abin da ke jawo masu wannan aiki, musamman zoben kore-kore da kamfanin Macchi yake zanawa a kan launin rairayi, kamar hayaƙin taba, wanda sai mai haƙuri yake iya kwaikwayonsa a fiffiken da bai kai tsawon yatsa biyu ba. Amma bayan launi akwai tambari. Jirgin Italiya na zamanin yaƙi yana ɗauke da farin gicciyen gidan sarautar Savoia a wutsiya, da damin sanduna da gatari guda uku a kowane fiffike, alamar jam'iyyar Fasist. Wanda ya haɗa jirgi ya rubuta masa 1946 ya kuma liƙa masa wannan dami, ya faɗi abin da ya fi jirgi girma. Ya ce Mussolini yana nan a kan mulki a 1946. In kuwa haka ne, to Libiya da Habasha da Eritriya da Somaliya suna nan a hannunsa.

Abin da hakan yake nufi ba ya bukatar ƙirƙira. A Libiya jiragen Italiya sun yi ta farautar mayaƙan Sanusiyya da garkunansu, aka ci Kufra a watan Janairu 1931, aka rataye Umar Mukhtar ran 16 ga Satumba na wannan shekara. Ran 3 ga Oktoba 1935 aka auka wa Habasha, ƙasar da jiragenta duka ba su kai 20 ba, yawancinsu ma ba su da bindiga. Jiragen Caproni da Savoia-Marchetti suka yi ta zuba iska mai guba, irin mai sa fata ta kumbura ta saɓule, a kan sojoji da ƙauyuka da mashayar dabbobi, alhali Italiya ta sa hannu a yarjejeniyar Janiba ta 1925 wadda ta haramta haka. Ran 30 ga Disamba 1935 aka jefa bom a asibitin agaji na mutanen Suwidin kusa da Dolo. Wani ɗan Mussolini, Vittorio, wanda ya tuƙa jirgi a yaƙin, ya rubuta littafi yana ba da labarin jefa bom a kan mahaya dawaki kamar mai ba da labarin wasa. Sarki Haile Selassie ya kai kuka gaban Majalisar Ƙasashe ran 30 ga Yuni 1936, ba a share masa hawaye ba. Gwamnatin Italiya ba ta amsa a hukumance cewa an yi amfani da gubar ba sai a 1996, bayan ɗan tarihi Angelo Del Boca ya shafe shekaru yana fito da takardun shaida ana zaginsa.

Wannan yanki na Afirka ma yana da hannu a rushewar waccan daula. Shigar Italiya yaƙi ran 10 ga Yuni 1940 ita ta toshe wa Ingila Bahar Rum, shi ya sa aka riƙa sauke jirage cikin akwatuna a Takoradi, a haɗa su, su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fashir da Hartum har Masar. Fiye da jirgi 5,000 suka bi wannan hanya. Sojojin Nijeriya suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, suka zarce Harar a watan Maris, kuma ran 5 ga Mayu Haile Selassie ya koma Addis Ababa. Daga Cadi kuma Leclerc ya hau da dakarunsa, akasarinsu 'yan Afirka, ya ƙwace Kufra a farkon Maris 1941. A duniyar da G.56 yake shawagi da damin Fasist a 1946, waɗannan mutane an ci su da yaƙi ke nan. Ba a cewa mai haɗa samfurin yana fatan haka. Yawancinsu siffar jirgi ce kawai ta ɗauke musu hankali. Amma katin da ke gefen samfurin ba ya kai labarin har can, kuma aikin ɗan tarihi ne ya kai shi.

Masu zurfin tunani a cikinsu sukan zaɓi wata hanyar, wadda kuma ta fi kowace kusa da yiwuwa: da a ce Mussolini ya yi abin da Franco na Sifen ya yi, ya ƙi shiga yaƙin. Wannan yana cikin ikonsa, kuma wasu manyan hafsoshinsa, har da Balbo, ba su so shigar ba. Sai dai wannan duniya ma tana da madubi a tarihin gaske. Fotugal ta kauce wa yaƙin, mulkin kama-karyarta ya tsira, ta riƙe ƙasashen da take mallaka a Afirka har 1974 da 1975. Jirgin da ta yi amfani da shi a kan masu neman 'yanci a Gini Bisau daga 1966, da kuma a Mozambik bayan haka, shi ne Fiat G.91, jet ɗin da Gabrielli ɗin nan mai G.55 ya zana. Ya yi ta ruwan wuta, da wuya a taɓa shi, har 1973, sa'ad da mayaƙan PAIGC suka sami makamai masu linzami na kafaɗa daga Rasha suka fara kakkaɓo shi.

Su kuwa jiragen 1943 da suka tsira, ƙarshensu ya fi abin da mai ƙirƙira zai yi tunani ban mamaki. Yarjejeniyar sulhu ta Faris ta 1947 ta ƙayyade wa Italiya jirage 350, ta hana ta mallakar na jefa bom. Kamfanoni suka koma neman kasuwa a waje. Masar ta sayi Macchi C.205 ta shiga da su yaƙin Falasɗinu na 1948 da tambarinta kore da fari, Siriya da Ajantina suka sayi G.55. Da injunan Jamus suka ƙare, sai Fiat ta ɗora wa gangar G.55 injin Rolls-Royce Merlin, watau injin Spitfire, ta kira shi G.59. A gidan tarihin rundunar sama da ke Vigna di Valle, a bakin Tafkin Bracciano arewa da Rum, ana iya ganin MC.72 na Agello da jan fentinsa, da Caproni Campini. Akwai G.55 ma a wurin, amma ba daga fagen yaƙi ya zo ba: wani G.59 ne aka cire wa injin Ingila, aka sake masa hanci, aka yi masa fentin rundunar arewa ta 1944.